Gishirin Hoga

Ranar kasuwa nake sayensa,
ɗaure cikin kaba, launinsa na ƙasar fadama.
Hajo mai awo ta daina tambaya.
Da fari ta ce, "Shanu ka saya, Gado?"
Na ce mata, ai ni ne san.

Wanzami nake, ɗan wanzami.
Shekara ashirin da uku
ina riƙe da kawunan mutanen Kamba.
Na san mai tabo a ƙeya,
na san wanda furfura ta kama yana musu.
Sai abin nan ya ɓullo mini a gwiwar hannu,
fari-fari kamar ɓawon kifi,
ya gangaro bayan yatsu, ya hau ƙauri, ya shiga suma.
In na tashi daga zaune
sai ka ce an zubar da dusa.

Tabarmata ta yi mini faɗi.
Mai zuwa aski duk Alhamis
ya koma gaishe ni daga tsallaken titi.
Aka yi suna bakwai a unguwa,
jakar askata na rataye a ƙusa.
Ba wanda ya furta kalmar a gabana,
amma ina jin takunta a bayana
har bakin masallaci.

A Birnin Kebbi likita ta kama hannuna,
nata babu safa.
Wannan kaɗai ya kusa sa ni hawaye.
Ta ce ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka,
fata ce mai gaggawa,
tana haifo sabuwa tun tsohuwa ba ta yi sallama ba.
Ta faɗi sunan, dogo ne, na baro shi a mota.
Ta rubuta man shafawa.
Na tambaye ta batun gishiri.
Ta ce, "Jiƙa. Ruwa mai ɗumi, ban da mai zafi.
Kada ka kankare.
Zai yi laushi. Ban ce zai warke ba."

To, bayan isha'i
Kulu ta cika rabin duro,
ta watsa tafi biyu, ta dama da hannu
kamar mai shirin kunu.
In shiga.

Farkon shiga ba daɗi.
Duk inda fata ta tsage gishiri ya san wurin,
ya bi shi ɗaya-ɗaya kamar mai karɓar bashi.
In cije.
In ƙirga manyan motocin da ke jiran iyaka.
Wajen ta tara
ƙaiƙayin ya kwanta,
ɓawon ya saki, ya taso saman ruwa yana yawo,
ni kuwa ina kallon abin da jiya ni ne.

An ce gishiri ya yi wa man kaɗe dariyar rana,
da ruwa ya zo ya ji kunya.
A gidana sun shirya.
Wannan ya narke a duro,
wancan ya narke a tafin Kulu,
duka biyu a kaina suke ƙarewa.

Wani watan ya ja da baya.
Wani watan ya dawo da ƙannensa.
Na daina yi masa alƙawari, shi ma bai yi mini ba.

Shekaranjiya tsoho Dandare ya tsaya,
ya daɗe yana duban hannuwana.
Ya zauna. Ya cire hula.
"Aske," in ji shi, "amma sannu."
Na jiƙa kan, na ɗora aska,
sai ga shi a bayan kunne,
fari, faɗin kwabo.

Aska ta zagaye wurin ta wuce.
Da na gama, yana lalube a aljihu,
na ce bar shi,
na faɗa masa ranar da likita ke zama
da kuma nawa Hajo ke sayar da ɗauri ɗaya.